Idan abinci ya koma lami bayan mura: yadda za ka gano matsalar ka horar da hancinka a gida

Hunturun bara Innarmu ta yi wata mura mai nauyi, irin wadda ƙurar Sakkwato ke kawowa idan hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinku. Murar ta tafi cikin sati biyu amma ta bar mana aiki. Na kai mata tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa da man shanu, ta kai loma ɗaya ta ture kwano ta ce "ke 'yar nan mi kika dafa haka, miyar ga lami ta." Na ɗanɗana na ji komai daidai. Washegari ta shiga madafa da kanta, wallahi gishirin da ta zuba ranar babu wanda ya iya kai loma uku a gidan, ga ta kuma da hawan jini. Ita dai maganarta ɗaya ce, "bakina ya mutu." Ashe bakin lafiyarsa lau, hancin ne ya tafi hutu, kuma wanga abu ya fi yawa fiye da yadda mutane suka zata, musamman tun zuwan korona. Toh ga yadda muka bi, da dalilin kowane mataki.

Abin farko shi ne ka rarrabe, harshe ne ko hanci. Harshe abu biyar kacal ya sani: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, sai na biyar ɗin da ake kira umami, wato wannan daɗin na romon nama da daddawa da magi. Wani masanin sinadarai ɗan Japan mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano shi a Tokyo a 1908, ya ce sinadarin gulutamet ke kawo shi, kuma daga aikinsa ne aka fara yin Ajinomoto ɗin nan farin magi. Iyayenmu dai sun daɗe suna samun abinsu daga kalwa ba tare da sun san sunan ba. Mafi yawan sauran abin da kake ji a abinci, bambancin kilishi da balangu, bambancin mangwaro da gwanda, ƙamshi ne. Idan kana tauna abinci iskarsa na bi ta bayan maƙogwaro ta hau cikin hanci ta ciki, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa saƙon hanci da na harshe ta ba ka abu ɗaya, kai kuma ka ɗauka duk daga baki ne.

Gwajin harshe ba ya cin wani kuɗi mai yawa. Ka samu ƙananan kofuna biyar da ruwa, ɗaya ka jiƙa suga, ɗaya gishiri, ɗaya ka matse lemun tsami, ɗaya ruwan shuwaka, ɗaya ɗan farin magi. Mai matsalar ya rufe ido ya toshe hanci da yatsa, wani ya riƙa ɗiga masa da cokali ba bisa jeri ba, yana kurkure baki tsakani. Kada ka wahalar da kanka da cewa sai an ɗiga zaƙi a tsinin harshe ɗaci a can baya, taswirar harshen nan da aka koya mana a firamare kuskure ce, ta samo asali ne daga wani bincike na Jamus na 1901 da aka yi wa gurguwar fahimta, ko'ina a harshe yana jin duka biyar. Inna ta canki biyar ɗin tas, har da tofar da shuwakar tana faɗa wai muna wasa da ita.

Sai gwajin hanci. Ido a rufe, a riƙa kawo abubuwa kusa da hanci ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowace ƙofar hanci daban: garin Nescafe, ɓawon lemu, man shanu, sabulun wanka, turaren wardi. A nan mutane ke ruɗar kansu, sai su ɗauko Robb ko barkono su shaƙa, su ji ya ratsa su, su ce ai hancina lafiya. Wannan sanyin da zafin wata jijiya ce daban ke ɗaukarsu, jijiyar da ke jin taɓi da zafi a fuska. Shi kansa yajin barkono zafi ne jiki ke ji, David Julius ya gano a 1997 cewa sinadarin barkono yana kunna na'urar jin ƙuna ce a jijiya, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2021. Baurin goro ma haka, taɓi ne. Saboda haka mutum na iya jin yajin kilishi har ya yi hawaye alhali ƙamshin ƙuli-ƙuli da kayan haɗin duk ya ɓace masa.

In ya tabbata hanci ne, tambaya ta gaba ita ce a toshe yake ko a buɗe. Idan majina ce ta cika shi ko kumburi, ƙamshin ne bai samu hanyar isa ba, don wurin da ke sansano ƙamshi ɗan fili ne can a rufin hanci ta ciki, tsakanin idanu. A wanke hanci da ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwa, amma dan Allah ruwan da aka tafasa ya huce, ba na randa ko na 'yan garuwa kai tsaye ba. Sirinji babba marar allura ya isa, ka sunkuyar da kai ka tura ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗayar, safe da yamma. Maganin nan na ɗigawa ko fesawa a hanci da ake saye a kemis mai buɗe hanci nan take, kada ya wuce 'yan kwanaki, in aka zarce shi da kansa yake mayar da toshewar har mutum ya kasa barci sai da shi. Kuma kada a tura tafarnuwa ko wani haɗi cikin hanci don an gani a Facebook. A Amurka a 2009 hukumar kula da magunguna ta gargaɗi mutane kan wani maganin mura mai sinadarin zink da ake sawa a hanci saboda mutane da dama sun rasa jin ƙamshi bayan amfani da shi, wurin nan ba ya son wasa.

Idan kuwa hanci a buɗe yake iska na wucewa amma shiru, kamar na Inna, toh ƙwayar cutar ta taɓa wurin sansanon ne. Ga labari mai daɗi: jijiyoyin ƙamshi suna cikin 'yan ƙalilan a jikin mutum da ke mutuwa wasu sababbi su tsiro. Linda Buck da Richard Axel sun gano a 1991 yadda abin ke aiki, suka samu Nobel a 2004. Mutum na da nau'in makarɓan ƙamshi wajen 400, kowace jijiya nau'i ɗaya take ɗauke da shi, kuma kowane ƙamshi yana kunna wasu daga ciki ya bar wasu, ƙwaƙwalwa ta karanta haɗin ta ce wannan humra ce wannan kuma ƙaurin tuwo ne. Sababbin jijiyoyin da suka tsiro sai sun nemo hanyarsu zuwa ƙwaƙwalwa, a nan horo ke shigowa.

Wanda ya fito da tsarin wani likita ne a birnin Diresdin na Jamus, Thomas Hummel. A 2009 shi da abokan aikinsa suka sa mutum 40 da suka rasa jin ƙamshi su riƙa shaƙar abu huɗu sau biyu a rana har sati 12, suka gwada su da wasu 16 da ba su yi ba. Waɗanda suka yi horon makinsu a gwajin jin ƙamshi ya ƙaru, waɗancan kuma suna nan yadda suke. Abu huɗun su ne wardi, lemun tsami, kanumfari, da zaiti, wato itacen nan da wasu ke ce wa turare. Da na karanta sai da na yi dariya, don duk huɗun ka shiga kasuwa wajen masu kayan yaji da masu turare ka haɗo su kafin azahar, ganyen zaitin ma a bakin titi za ka tsinko.

Ka nemi kwalabe huɗu ƙanana masu murfi, na gilas sun fi don roba na riƙe wari. Ka wanke su su bushe sarai. Kanumfari a ɗan daddaka shi, lemun tsami ɓawon ake kankarewa a sabunta duk kwana biyu ko uku, ganyen zaiti a murje shi, wardi kuma a ɗiga a auduga a jefa ciki. A rubuta suna a jikin kowace, a ajiye a inuwa, ka san zafin garin nan in bazara ta kama, kwalba ta kwana biyu a taga komai ya tsere. Lokaci kuwa mu mun ɗaura shi da salla don kada a manta, bayan asuba da bayan isha'i. A zauna wuri marar hayaƙi da turaren wuta, a buɗe kwalba ɗaya a kawo ta dab da hanci, a riƙa shaƙa a hankali gajeje gajeje na kamar daƙiƙa 20, ba irin zuƙar nan mai ƙarfi da ke wucewa da iska huhu kai tsaye ba. A rufe, a huta kaɗan, a ɗauki ta gaba.

Wurin da na fi so a kula shi ne hankali. Shaƙa kana latsa waya ɓata lokaci ne. Ka san abin da ke cikin kwalbar, ka karanta sunan, ka tuno yadda yake ƙamshi da, ka tuno inda ka saba jinsa. Saƙon ƙamshi yana da gajeriyar hanya zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe tunani da shauƙi, shi ya sa wani turaren kan dawo maka da mamaci gabanka. Ni nakan zauna kusa da Inna in ce "Inna wagga kanumfari ce, ki tuna furar da kike dama wa Baba in ya dawo gona," sai ta rufe ido ta yi shiru. Satin farko cewa take "ni fa iska kawai nike shaƙa," na ce ki yi haƙuri Inna a ci gaba. Ka samu ɗan littafi kana rubutawa duk Juma'a, kowace kwalba a ba ta maki daga 0 zuwa 5, don ci gaban a hankali yake zuwa har mai shi ba ya lura, sai ya duba baya ya ga lemun da ke 0 ya koma 2.

Wata uku ne mafi ƙaranci, kuma gaskiya da yawa sai sun kai wata shida ko fiye. Wani bincike da aka yi a Turkiyya a 2015 ya nuna cewa sauya abubuwan shaƙar duk bayan sati 12 ana zarcewa har sati 36 ya fi ba da sakamako, saboda haka zagaye na biyu sai ka koma na'a-na'a, kirfa, ɓawon lemun zaƙi, ganyen shayi ko kimba. Ba kowa ke dawowa daidai yadda yake da ba, wanda abin ya same shi ta mura ya fi samun sauƙi a kan wanda ya bugu a kai, kuma matashi ya fi tsoho saurin farfaɗowa.

Akwai wani mataki da ke tsorata mutane. Wajen wata na biyu Inna ta fara cewa soyayyar albasa warin ƙonannar taya take mata, nama kuma kamar ya kwana uku, har wata maƙwabciya ta fara zancen ko an yi mata wani abu ne. Wannan sananne ne a wajen likitocin hanci, sababbin jijiyoyin ne suka fara aika saƙo amma bai cika ba, ƙwaƙwalwa ta karanta shi a karkace. Albasa, tafarnuwa, ƙwai, gasasshen nama da kofi irin su Nescafe su suka fi tayar da shi. A rage su na ɗan lokaci, a koma abinci mai sanyi ko wanda ya huce tunda zafi ke tayar da tururin ƙamshi, fura da nono ta yi mana rana sosai a lokacin. Horon kuma kada a daina.

Batun girki, a karɓe gishiri daga hannun mai matsalar ko a auna masa da cokali. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya kenan har da na cikin magi. A nemo armashi ta hanyoyin da ke aiki: tsamin sure ko tsamiya, ɗan yaji, abu mai ƙaras-ƙaras kamar gyaɗa da ƙuli. Sannan gas ɗin girki shi kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don a ji in yana zuba, wanda hancinsa ba ya aiki ba zai ji ba, haka hayaƙin gobara, haka miyar da ta lalace tunda wuta ba tsayawa take ba balle firij ya riƙe. Wani a gidan ya zama shi ne hancinsa, ya riƙa duba silinda da sansana abin da ya kwana.

Wasu kuma ba na zaman gida ba ne. In abin ya biyo bayan faɗuwa a kabu-kabu ko bugu a kai, in ƙofa ɗaya ce kawai ta toshe tana jini, in akwai ciwon kai mai tsanani ko gani ya canza, ko ƙamshin ya ɓace a hankali ba tare da wata mura ba musamman ga dattijo mai rawar hannu ko yawan mantuwa, a tafi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai shi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Haka in gwajin kofuna biyar ɗin ne aka faɗi, a tafi da duk magungunan da ake sha a nuna wa likita, don irin su Filajil kan sa baki ɗanɗanon ƙarfe, wasu na hawan jini ma kan taɓa ɗanɗano, amma kada a daina sha sai ya ce. Mai shan sigari ko shaƙar taba gari kuma ya san abin da ya kamata ya fara ajiyewa.

Inna yanzu tana wata na tara. Kanumfari da lemu sun kai 4 a littafin, zaiti 3, wardi har yau yana 1, ta ce ita dama can ba ta cika son shi ba. Shekaranjiya ina tsakar gida ina wanki ta ƙwala min kira daga ɗaki, "ke, tuwonki na ƙauri!" Na ruga na tarar ya kama gindin tukunya.