Turancin Ingila Ba Ɗaya Ba Ne: Abin Da Kunnen Sabon Zuwa Zai Tarar

Ranar da na fara shiga bas a Libaful, direban ya yi mini magana har sau uku ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Ga mutane sun yi layi a bayana, ga yayyafi, ga ni da takardar shaidar cin jarrabawar Turanci ta IELTS a cikin jaka. Wata tsohuwa ce ta taɓa ni a kafaɗa ta nuna mini inda zan ɗora katin banki, ashe abin da yake ta faɗa ke nan. Na samu kujera na zauna ina tambayar kaina: Turancin da na yi shekara da shekaru ina karatu da shi, na mutanen wace ƙasa ne?

Idan hakan ta same ka a makonka na farko, kada ka ce ilminka ne ya gaza. Turancin da muka saba ji a BBC, wanda suke kira RP, ba karin harshen wani gari ba ne. Harshen masu hali ne da 'yan makarantun kuɗi, kuma masu yin sa tsantsa ba su da yawa. Mu Hausawa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Baƙon da ya koyi Hausa daga rediyo, ka ajiye shi a kasuwar Sakkwato inda ake cewa “mi” a madadin “me”, ake cewa “shi na” a inda Bakano zai ce “shi ne”, ai sai ya riƙe baki. Bambancin kawai shi ne a Birtaniya tafiyar awa ɗaya ta isa harshe ya juye. Tsakanin Libaful da Manchesta bai fi kilomita 55 ba, amma mutumin ɗaya garin yana buɗe baki na ɗayan ya san ba ɗan gida ba ne.

Tunda yawancinmu ƙwallo muke kallo, malaman suna hannunmu tun kafin mu sayi tikitin jirgi. Wanda zai sauka a Libaful ya nemi hirarrakin Jamie Carragher da Steven Gerrard a YouTube, wannan shi ne karin da ake kira Scouse. Ya samo asali ne daga cuɗanyar tashar jiragen ruwa, musamman mutanen Ailan da suka kwararo garin lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845. Mai zuwa Niyukasil ya saurari Alan Shearer, nasu sunansa Geordie. Na Bamingham ya ji Jack Grealish. Wanda kuma Allah ya nufa da Gilasgo, to ya fara da Alex Ferguson, ya kuma sani cewa shi Ferguson ya sassauta harshe saboda 'yan jarida. Mai sayar da kifi a unguwarsu ba zai sassauta maka ba.

Wasu sautukan da ke rikita baƙi muna da su a bakinmu. Mutumin Landan idan zai ce “water” ko “bottle” sai ya haɗiye harafin t ya sa hamza, irin wadda ke cikin “sa'a” da “ma'ana”, ka ji wo'a, ka ji bo'ul. Ɗan Libaful kuma k ɗinsa na ƙarshen kalma kamar kha'un ɗin da muka koya a makarantar allo take fita, “back” ta koma bakh. A arewacin Ingila “bus” bus ce kamar yadda Bahaushe zai karanta rubutun, a kudu kuma ta fi kusa da bas. Matasa da yawa, ba a Landan kaɗai ba, “three” da “free” duk firi suke faɗa, saboda haka idan mai shago ya ambaci farashi ka tabbatar fam uku yake nufi kafin ka yi murnar kyauta. Sunayen garuruwa kuwa kada ka yarda da idonka: Leicester Lesta ce, Worcester Wusta, Reading Redin, Edinburgh kuma Edimbara.

Amma a ganina ba lafazi ne ya fi jefa mutum a kunya ba, kalmomin da kake zaton ka sani ne. Na yi kusan wata guda ina jin haushin wani abokin aikina da kullum da safe zai dube ni ya ce “You alright?” Na ɗauka rama ya gani a jikina, ko fuskata ce ta nuna damuwa. Wata rana na tsaya na kwashe labarin rashin barci da tsadar haya na zuba masa, ya tsaya tsuru-tsuru da kofi a hannu. Ashe gaisuwa ce kawai, daidai da “ina kwana”. Amsarta “Yeah, you?” sannan kowa ya kama gabansa. Gaisuwarsu gajeriya ce, babu ina gajiya babu ya iyali, kuma ba wulaƙanci ba ne.

Sai batun abinci. A arewacin Ingila da gidajen masu aikin ƙarfi, “tea” abincin dare ne, “dinner” kuma na rana. Maƙwabciyarka ta ce ka turo yaro “for tea” da ƙarfe biyar, tuwon dare take nufi, kada ka ƙosar da shi a gida. A kudu da wajen masu hali “dinner” ce ta dare, wasu ma “supper” suke cewa. Ɗan dunƙulallen burodin nan guda ɗaya, a Manchesta “barm” ne, a Nottingham da Lesta “cob”, a Coventry “batch”, a wasu wurare “bap”. Nuna shi da yatsa ya fi sauƙi. Abin da ba ya son wasa shi ne lokaci da kuɗi: “half seven” bakwai da rabi ce, “fortnight” mako biyu, “quid” kuma fam. Idan alƙawarin asibiti ne ko na neman aiki, maimaita musu da lamba, ko ka roƙi a turo maka a rubuce.

'Yan'uwa mata, da mazajensu musamman, ga wani abu da ya kamata a sani tun wuri. Direban bas ko mai kanti zai iya ce wa matar aure “love”, kuma wallahi ba neman ta yake yi ba. Tsohuwa ma za ta faɗa wa ƙato mai gemu haka. A Niyukasil “pet” suke cewa, a Nottingham da Stoke “duck”, wato agwagwa, a Gilasgo ana ce wa mace “hen”, wato kaza. Matsayinsu ɗaya da yadda ɗan kasuwa ke ce wa kowace mace Hajiya. A Sikotilan za ka ji “wee” a kan duk wani abu ƙarami da “aye” a madadin e. “Ta” da “cheers” kuma godiya ce, ba ruwan “cheers” ɗin da giya a nan.

Mu ma da namu Turancin muke zuwa, kuma su ma yana ɗaure musu kai. Muna fassara “ina zuwa” mu ce “I'm coming” alhali fita muke yi, Bature ya tsaya yana jiran ka iso. Wani ya yi tuntuɓe mu ce “sorry” da nufin sannu, sai ya amsa da cewa ai ba laifinka ba ne. “Well done” da muke yi wa mai aiki a matsayin sannu da aiki, a kunnensu yabon da malami ke yi wa ɗan firamare ne, kada ka faɗa wa shugabanka. “How was your night?” kuwa bar ta a filin jirgi, tana kai hankalinsu inda ba ka nufa ba. Mafi nauyi duka shi ne roƙo. Mu ladabinmu yana cikin doguwar gaisuwa da sassauta murya, shi ya sa bayan mun gaisa sai mu ce “give me” kai tsaye. Su kuma ladabinsu a cikin jimlar yake. Ka ce “Can I have” ka rufe da “please”, ko da ruwan famfo kake nema. Na ga ma'aikaciyar jinya mai kirki da aka yi wa kallon mai girman kai saboda wannan kalma ɗaya da ba ta saba ba.

Haka nan ka koyi jin abin da ba a faɗa ba, don Ingilishi gwanin zagaye ne. “Not bad” yabo ne. “Interesting” daga bakin malamin jami'a sau da yawa ba yabo ba ne. Shugaba ya ce “You might want to look at this again”, umarni ne ya sa masa riga, je ka gyara. Wanda ya ce lallai wata rana ka zo gidansu cin abinci bai gayyace ka ba sai ya faɗi rana da lokaci, kamar dai “bismillah” ɗinmu ga mai wucewa.

Akwai kuma maganar daraja, wadda su kansu ba sa son a taɓo. A ƙasar nan ana auna mutum da bakinsa: garinsu, makarantar da ya yi, aikin ubansa. A 1941 da BBC ta sa Wilfred Pickles, mutumin Yorkshire, karanta labarai, masu sauraro sun yi ta ƙorafi a kan karin harshensa. Yau an samu sauyi sosai, amma har yanzu mutanen Bamingham da Libaful suna shan tsokana, wasunsu kan gyara harshe idan za su neman aiki a Landan. Amfanin sanin wannan gare ka biyu ne. Kada ka raina mutum don ka ji Turancinsa ya saɓa wa littafi, mai cewa “we was” yana iya zama shi ne mai kamfanin. Kuma kada ka kwaikwayi karin wani gari a gaban mutanensa da sunan raha, abin yana yi musu zafi idan ya fito daga bakin baƙo.

Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya murɗe harshe ya koma Bature cikin wata uku ba. Rage sauri ya fi komai amfani, don mu kan yi gudu idan muka tsargu. Wuri ɗaya da na yarda a zauna a yi aiki a kai shi ne p da f, sai kuma b da v, saboda Hausa ba ta raba su. “Copy” da “coffee” sun taɓa sa an kawo mini abin sha ina jiran takarda. A waya, idan kana faɗin lambar unguwa ko harufan sunanka, ce “P for Peter”, “F for Freddie”, su ma haka suke yi.

Idan ba ka gane ba ka ce “Sorry, could you say that again?” Kada ka gyaɗa kai don kunya, musamman gaban likita ko a wurin aikin kula da tsofaffi, inda kuskuren ji zai iya shafar maganin wani. A asibitocin gwamnati na NHS ana iya neman tafinta kyauta, kuma gara a nemo wa iyayenmu da matan da ba su yi boko ba da a sa yaro ɗan shekara goma fassara ciwon uwarsa. Kunna rubutun ƙasan allo idan kana kallon talabijin, ka kuma riƙa sauraron gidan rediyon garin da kake, irin su BBC Radio Merseyside na Libaful, lokacin da mutanen gari ke bugo waya suna faɗa a kan ƙwallo da kwashe shara. Ni a wata na huɗu na fara dariya tare da su a daidai inda ake dariya.

Masu yara kuwa su shirya. 'Yata ta shiga firamare a watan Satumba, kafin hutun Disamba ta dawo gida tana cewa chikhen a madadin “chicken”, tana kuma gyara mini yadda nake faɗin sunan titinmu. Uwarta ta kafa doka cewa daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa za a yi, kuma har yau da Scouse yarinyar ke ba ta amsa.