Yadda ake nemo darasin zamiya a kan dusar ƙanƙara ga matashin da ya ƙware

Matashi ɗan shekara 14 zuwa 17 wanda ya daɗe yana wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato sauka daga tsauni a kan dogayen katakai biyu da ake maƙalawa a takalma, yakan rasa ajin da ya dace da shi, domin yawancin makarantun koyar da wasan sun tsara ayyukansu ne don masu farawa da ƙananan yara, waɗanda su ne suka fi yawa. Idan aka sa shi a ajin yara, zai wuni a tsaye a gefen gangara yana jiran na baya su sauko, sanyi yana cin yatsunsa. Idan kuma aka kai shi ajin manya, sau da yawa zai tarar da mutanen da suka fi shi shekaru amma ba su kai shi gudu ko ƙarfin zuciya ba. Saboda haka kada iyaye su dogara da sunan da makaranta ta raɗa wa aji, ko da an kira shi ajin ƙwararru. Abin dubawa shi ne matakin malamin da zai koyar, da matakin sauran ɗaliban da za su bi shi.

Kafin a tuntuɓi kowace makaranta, ya kamata a san ainihin inda yaron ya kai. A Turai ana yi wa hanyoyin zamiya alama da launi, daga shuɗi zuwa ja zuwa baƙi, wasu ƙasashe kamar Faransa kuma suna da kore ga masu farawa. A Amurka da Kanada ana amfani da koren da'ira, da shuɗin murabba'i, da baƙin lu'ulu'u ɗaya ko biyu ga hanyoyin da suka fi tsauri. Sai dai sauka daga baƙar hanya ba shaidar ƙwarewa ba ce, domin matasa da yawa suna saukowa ne da ƙarfin cinya da rashin tsoro, jikinsu a kwance baya, suna jan katakan zamiyar a gicciye don rage gudu. Wanda ya ƙware yana yanka dusar da gefen katakansa har ya bar siraran layuka biyu a bayansa, ƙirjinsa yana fuskantar gangara yayin da ƙafafunsa ke juyawa, kuma salonsa ba ya wargajewa idan hanya ta daskare ta yi santsi ko ta cika da ƙananan tuddai. Hanya mafi sauƙi ita ce wani ya tsaya daga ƙasa ya ɗauki bidiyonsa yana saukowa a hanya mai tsauri, a aika wa makarantar kafin a biya ko kwabo. Malamin kirki zai fahimci abin da ke cikin bidiyon minti ɗaya fiye da abin da iyaye za su bayyana a doguwar wasiƙa.

Daga nan sai a zauna da yaron a ji abin da shi kansa yake so, domin a wannan mataki wasan ya rabu gida-gida. Akwai mai son tsere tsakanin sanduna da agogo, akwai mai son tsalle da juyi a filin da aka gina don haka, akwai mai son barin hanyoyin da injina suka daddale ya shiga dusar da ba a taka ba, akwai kuma wanda burinsa kawai ya gyara salonsa a kowace irin gangara. Kowane ɗaya da irin malaminsa. Matashin da aka zaɓar masa darasi ba da shawararsa ba yakan halarta da jiki kawai, kuma a ganina wannan ne ya fi jawo asarar kuɗin darasi.

Batun takardar shaidar malami shi ne inda ya kamata a fi tsayawa. Ƙungiyar malaman zamiya ta Amurka, PSIA, tana da matakai 3, takwarorinta CSIA ta Kanada da BASI ta Birtaniya kuma suna da matakai 4 kowacce. Matakin farko ana samunsa bayan horo na 'yan kwanaki, kuma an tanade shi ne don koyar da masu farawa, ta yadda matashin da ya ƙware zai iya fin mai riƙe da shi iya zamiya. Abin da ya dace a nema shi ne mataki na 3 a tsarin Amurka, ko na 3 zuwa na 4 a tsarin Kanada da Birtaniya. A Faransa takardar gwamnati ce ake bayarwa, kuma ba a samunta sai an ci jarrabawar tsere da agogo, shi ya sa cikakkun malaman ESF, babbar makarantar koyar da zamiya ta ƙasar wadda aka kafa a 1945, suke da ƙarfi a fannin gudu. Duk da haka akwai masu neman takardar da ke koyarwa kafin su kammala, don haka a tambaya a fili ko malamin ya gama ko yana kan hanya. Takarda kuma ba ta nuna ko mutum ya iya zama da matasa. Ɗan shekara 15 ba ya son a yi masa magana kamar ƙaramin yaro, ba ya kuma jure dogon bayani a tsaye cikin iska, ya fi son a nuna masa abu ɗaya, ya gwada, a gyara masa a kan kujerar da ke hawa da su dutsen.

Darasin mutum ɗaya da malami ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma shi ya fi saurin cire ɗabi'ar da ta daɗe a jiki, kuma awa biyu ko uku da safe sau biyu a mako sukan isa, matuƙar yaron zai maimaita abin da aka nuna masa a sauran lokacin. Ajin rukuni yana da nasa amfanin da ba a samu a darasin mutum ɗaya, wato gasa tsakanin sa'o'i, domin matashi yakan gwada abin da ya ga tsaransa ya yi ko da ya ƙi yi wa malami. Idan rukuni aka zaɓa, a tambayi yawan ɗalibai, domin da zarar sun wuce shida zuwa takwas gyaran da kowa zai samu ya ragu ƙwarai. A tambayi shekarunsu, da ko malami ɗaya ne zai riƙe su har ƙarshen mako, da ko ana gwada su a safiyar farko kafin a raba su, da kuma abin da makarantar za ta yi idan ba a sami isassun ɗalibai masu wannan mataki ba. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin abin da aka saba yi shi ne a haɗe aji biyu, kuma ajin da aka haɗe yana tafiya ne da gudun wanda ya fi kowa rauni.

Idan dusar da ba a taka ba ce ta ja hankalinsa, to magana ta koma ta tsaron rai. A wajen hanyoyin da aka yi wa alama a tsaunukan Turai ba a ba da tabbacin kariya daga zaftarewar dusar ƙanƙara, kuma ana auna haɗarin kowace rana da ma'auni daga 1 zuwa 5. Darasin da ya amsa sunansa zai ba kowane ɗalibi na'urar gano wanda dusa ta binne, da shebur, da doguwar sandar bincike, ya kuma koya masa aiki da su tun kafin a bar hanya, domin wanda aka binne yana da kyakkyawar damar tsira ne a cikin mintuna 10 zuwa 15 na farko, kuma abokan tafiyarsa ne kaɗai za su iya isa gare shi a wannan lokaci. Inda tafiyar ta ratsa daskararren kogin ƙanƙara mai ramuka a ɓoye, jagoran dutse mai shaidar IFMGA, ƙungiyar jagororin dutse ta duniya, ake nema. A kuma karanta takardar inshora da kyau, domin da yawa ba sa biyan kuɗin ceto ko jinya idan haɗarin ya faru a wajen hanya.

Mai son tsere kuwa darasin mako guda ba zai kai shi ko'ina ba. Yana iya gwada kansa a jarrabawar Flèche ko Chamois ta ESF, wato gwajin tsere tsakanin sanduna da agogo, amma ci gaba na gaske yana wurin kulob mai horo duk tsawon hunturu, musamman da yake gasannin FIS, hukumar wasan zamiya ta duniya, ana fara shigarsu ne a wajen shekara 16. Da bazara ana yin sansanonin horo a kan tsaunuka masu ƙanƙara kamar Zermatt da Saas-Fee a Suwizalan, da Hintertux a Ostiriya, da Mount Hood a jihar Oregon ta Amurka.

Kayan aiki ma suna iya ɓata darasi mai kyau. Takalmin da aka saya da girma don yaro ya girma a ciki yana hana ƙafa sarrafa katako, kuma babu malamin da zai iya gyara wannan da baki. Maƙalar da ke riƙe takalmi a kan katako ana saita ta ne bisa nauyi da tsawo da girman takalmi da matakin mai zamiya, don ta saki ƙafa idan an faɗi, saboda haka a kai wa masani ya sake saita ta duk shekara, tunda jikin matashi yana sauyawa da sauri. Hular kwano ba abin tattaunawa ba ce, kuma a Italiya doka ta wajabta wa masu zamiya inshorar biyan diyya ga wanda suka yi wa rauni tun daga 2022.

A makonnin hutun makarantu, wato ƙarshen Disamba da watan Fabrairu, manyan malamai suna cika tun watanni kafin lokacin, don haka a yi rajista da wuri, a nemi malamin da sunansa idan an san shi. Amma a makonnin nan ne kuma ake samun matasa da yawa da za su cika aji mai mataki ɗaya, ke nan mai neman rukuni ya fi dacewa da lokacin cunkoso, mai neman darasin mutum ɗaya kuma ya fi samun sauƙi a watan Janairu. Bayan ranar farko a tambayi yaron wane abu guda aka ce ya gyara, da kuma minti nawa ya yi yana jiran wasu. Idan bai iya faɗin abin da aka gyara masa ba, ko kuma jira ya cinye masa rabin safiya, a je ofishin makarantar a yammacin ranar a nemi sauyin aji ko na malami, kafin a tsara rukunonin washegari.