Yadda Ake Ziyartar Dutsen Huangshan da Tsofaffin Gidajen Hongcun

Idan harkar kasuwanci ta kai ka Yiwu ko Hangzhou a ƙasar Sin, ka ware kwana uku ka leƙa yankin Huangshan a lardin Anhui.

Da farko, hau jirgin ƙasa mai sauri daga Hangzhou zuwa tashar Huangshan ta Arewa, tafiyar kamar awa biyu. Ka guji makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, domin jama'a ba masaka tsinke.

Na biyu, kada ka fara da dutsen. Fara da ƙauyen Hongcun, wanda zuriyar Wang ta kafa a 1131, UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000 tare da ƙauyen Xidi. Kwana a ciki, ka fito da sassafe kafin motocin baƙi su iso. Bi magudanar ruwan da ke wucewa ta ƙofar gidaje har ta kai ka tafkin tsakiyar gari mai siffar rabin wata. Sannan ɗaga kai ka dubi fararen katangun da suka zarce rufi hawa-hawa. Ba ado kaɗai ba ne: cikin gidajen katako ne, ga su manne da juna, katangar ce ke hana gobara tsallakawa gidan maƙwabci.

Shiga gidan Chengzhi, wanda wani attajirin gishiri ya gina a 1855. Tagogin waje 'yan ƙanana ne. Haske da iska ta buɗaɗɗen rufin tsakar gida suke shigowa, ruwan sama ma ciki yake zuba, domin masu gidan sun ɗauki ruwa alamar arziki, ba sa so ya kwarara waje. Tsaya ka ƙare wa sassaƙar ginshiƙan kallo. A nawa ganin, ita kaɗai ta isa dalilin zuwa.

Na uku, wuce garin Tangkou a gindin dutsen, ka hau bas zuwa tashar Yungu ta motar igiya, wato motar da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe tana hawa da mutane saman dutse. Ƙololuwar dutsen ta kai mita 1,864, don haka ɗauki rigar sanyi ko da bazara ce. Kama ɗaki a sama tun da wuri, saboda da asuba ake ganin gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarka.

Abinci a sama akwai tsada, don 'yan dako ne ke hawa da kaya a kafaɗa. Naman alade kuma ya yawaita a girkin yankin, sai ka yi guzuri ko ka nemi shagon taliyar Lanzhou na Musulmi a cikin birnin Huangshan.