Yadda ake tuƙa hiyas a hanyoyin Adar ba tare da ɓarnar mai ko kasada da rai ba

Duk wanda ya saba sammako zuwa tashar Tawa ya san yadda hiyas take barin gari: fasinjoji sun cika kujeru har bakin ƙofa, buhunan albasa da na gero suna ɗaure a bisa rufi, aparanti yana jan igiya da iya ƙarfinsa, direba kuwa yana lissafin abin da zai rage masa bayan ya sha mai, ya biya kuɗin hanya, ya kai wa mai mota nasa. Daga Tawa zuwa Yamai tafiyar kimanin kilomita 550 ce, ta Badagishiri zuwa mahaɗar Tsarnawa, sannan Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, kuma a cikin wannan tazara ake cin riba ko a ƙone ta. Abin da nake so direba ya riƙe shi ne, ƙafar da take tattalin mai ita ce dai take tsare rayukan da ke cikin motar, domin kusan kowace ɗabi'a da ke ƙara wa hiyas shan mai tana kuma kusantar da ita ga haɗari.

Mafarin tattali shi ne ka san abin da motarka take sha da gaske. Ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar kilomitar da agogo ya nuna, idan ka isa ka sake cikawa, sannan ka duba lita nawa ta shiga a kan kilomita nawa. A misali, motar da ke shan lita 12 a kowace kilomita 100 za ta cinye lita 66 kafin ta shiga Yamai, wadda ke shan lita 10 kuwa lita 55 ta ishe ta. A kan farashin sefa 499 da aka tsayar wa litar isansi a shekarar 2024, wannan bambanci na lita 11 ya haura jaka biyar a zuwa kaɗai, ban da dawowa. Littafin aljihu da biro sun isa wannan aiki, kuma ranar da ka ga shan ya ƙaru alhali lodi da hanya ba su sauya ba, to motar ce take sanar da kai akwai abin da ya kamata bakanike ya duba.

Gudu shi ne babban ɓarawon mai. Hiyas mota ce mai faɗin goshi, iska tana tokare ta, kuma wannan tokarewar tana ƙaruwa fiye da yadda gudun yake ƙaruwa: iskar da ke turo motar baya a gudun kilomita 110 ta kusan ninka ta gudun kilomita 80. Nisan da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya cak shi ma haka yake ninkuwa. A gudun kilomita 90, mota tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, ma'ana kafin ƙafarka ta bar totur ta sauka kan birki ka riga ka wuce tsawon hiyas biyar. Saboda haka idan mota tana cike, tsakanin 80 da 90 a kan kwalta mai kyau ya wadatar, a cikin gari kuwa kada a haura 50, ranar kasuwa ma a yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Sauran aikin na ƙafa ne da ido. Ka tashi a hankali, ka hau babbar giya da wuri, amma kada ka bari inji ya riƙa kakari a giyar da ta fi ƙarfinsa yayin hawan tudu. Ka riƙa hangen nesa, ta yadda idan ka tsinkayi shingen jandarma ko garken awaki za ka ɗage ƙafa tun daga can, motar ta rage gudu da kanta, domin duk birkin da aka danna da ƙarfi man da aka riga aka ƙona ne aka zubar. Barin mota a silo ana jiran cikon fasinja ɓarna ce tsagwaronta, dumama inji da safe kuma bai wuce na minti ɗaya ko biyu ba. Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon direbobi su bari, wato sa mota a firi a kan gangara da sunan tattali. Injin da ke gangarowa cikin giya ba a taka masa totur ba, abin da yake sha bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne yake riƙe motar. A gangaren duwatsun Adar, wajen Keita da Buza, wanda ya dogara da birki kaɗai yana iya tarar da shi ya yi zafi ya daina kamawa a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Lodi ma yana da tsarinsa. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya, marasa nauyi su hau rufi, a shimfiɗe su, a lulluɓe da tamfol a ɗaure tamau. Hiyas doguwa ce tun asali, kuma duk buhun da aka ƙara a samanta yana ƙara mata saurin kifewa. Inda wannan ya fi bayyana shi ne lokacin da taya ya zame daga bakin kwaltar da ruwa ya cinye, sau da yawa garin kauce wa babbar mota. Zuciya tana cewa a fizgo sitiyari a dawo, amma fizgar ce take kifar da mota. Abin yi shi ne ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗage ƙafa daga totur, ka bar motar ta ci gaba a gefen har gudunta ya ragu sosai, sannan ka hawo kwalta a hankali.

Taya ya cancanci a daɗe a kansa, domin a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake kai maki 45 a inuwa, kwalta ta fi haka zafi ƙwarai. A auna iska da ma'auni da sassafe, kafin mota ta motsa, a bi adadin da kamfani ya rubuta wa cikakken lodi. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙararsa ba awo ba ne. Tayan da iskarsa ta yi ƙasa yana lanƙwashewa a kowane juyi, ya ɗauki zafi, ya ƙara shan mai, daga bisani ya fashe. Wasu direbobi idan suka tsaya a Ƙonni da rana suka ji taya ya yi tauri, sai su sa a rage masa iska, alhali ƙaruwar iska a tayan da ya yi zafi ba aibi ba ce, ragewar ce take jawo fashewar da ake gudu. Wajen saye, musamman tayan gwanjo, a nemi mai harafin C a ƙarshen lambar girmansa, wanda aka yi don ɗaukar kaya, sannan a karanta lambobi huɗun da ke gefensa: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayan da ya haura shekara shida, ko da zanensa yana da kyau, robarsa ta fara bushewa, kuma idan ka matsa kusa za ka ga ƙananan tsagogi a gefensa kamar faso a dunduniya. Idan Allah ya ƙaddara taya ya fashe ana cikin tafiya, kada a danna birki, a riƙe sitiyari a miƙe har motar ta lafa.

Injin hiyas yana ƙarƙashin kujerar gaba, ga zafin gari, don haka ruwan lagireto da baƙin mai da fanbel abin dubawa ne kowace safiya. Idan allurar zafi ta hau, a tsaya a inuwa a jira, kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa, kada kuma a kwara masa ruwan sanyi nan take, domin kan inji yana iya tsagewa. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki, inji ya shaƙe, hayaƙi ya yi baƙi, mai ya riƙa tafiya a banza. A ciro ta a kakkaɓe a hankali, idan za a hura ta a huro daga ɓangaren da yake da tsabta zuwa mai ƙura, idan ta huje kuwa a sauya ta. Game da man kansa, wanda matatar SORAZ ta Damagaram take tacewa tun 2011 ana samunsa a gidajen mai na manyan garuruwa, kuma ya fi kyau a cika tanki a can. Idan larura ta kai ka ga sayen na 'yan ruwa-ruwa a bakin hanya, ka ɗaga kwalbar ka kalle ta a hasken rana: ruwa ya fi mai nauyi, za ka gan shi kwance a gindinta. A tace da ƙyalle mai tsabta, mai motar gazuwal kuma ya riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar mai.

A cikin hazo a kunna gajerar fitila ko da rana ce, domin doguwa tana dawowa ido ne kawai, kuma kada a sha gaban wata mota a cikin ƙurar da ta tayar. Tafiyar dare, a ganina, abin gudu ce matuƙar akwai hali, saboda amalanken jaki ba shi da fitila, raƙumi kuma launinsa ɗaya da ƙasa, ga babbar motar da ta lalace an zuba mata ganye a baya maimakon alama. Kusa da Kure, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, raƙuman dawa ma suna tsallaka kwalta. Barci kuwa shayi da goro ba sa biyan bashinsa. A tsaya kowace awa biyu, a sauka a miƙe ƙafa.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ƙoramu ne abin tsoro, domin ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yana iya cika ƙoramar da ke gabanka alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya ɗauke mota, kuma ba ka ganin ko ya riga ya cinye gefen simintin da ke ƙarƙashinsa. Ƙorama takan janye cikin 'yan awoyi, don haka jira ne daidai ko da fasinjoji suna ƙorafi. Idan ruwan ya kwanta kuma bai kai tsakiyar taya ba, a shiga da giya ta ɗaya, a tafi da totur iri ɗaya ba tare da sauya giya ba, bayan an fito a ɗan tattaka birki har ya bushe. Motar da ta mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da ita, a tura ta ko a jawo ta, domin ruwan da inji ya zuƙa yana lanƙwasa ƙarafansa.

A hanyar Abalak zuwa Agadas, inda kwalta ta mutu a wurare da dama, da kuma hanyoyin ƙauyuka, yashi da gargada ne abokan tafiya. Tayoyin baya ne suke tura hiyas, don haka a shiga yashi da giya ta biyu da ɗan gudu, kada a tsaya a tsakiya, kada a yi kwana mai kaifi. Idan ta kafe, a ɗage ƙafa nan take, domin ƙara totur rami kawai yake haƙa mata. A sauke fasinjoji, a kwashe yashin da ke gaban tayoyi, a shimfiɗa katako ko kirare, a rage iskar taya kaɗan don ya baje, sannan a fita a hankali. Da zarar an hau ƙasa mai tauri a mayar da iskar kafin a ƙara gudu, shi ya sa famfon iska, da shebur, da katakon ɗora jak, da safaya mai lafiya, da jarkar ruwan sha ta lita 20 suke da muhalli a cikin motar kafin a ɗora buhun farko.