Masu dashen turare, ga inda kuke ɓata aikinku

Duk damina abu ɗaya nake gani. Mutum ya sayo dashen turare cike da baro, ya jera shi inda ya ga dama, bayan shekara huɗu ya dawo yana tsine wa bishiya. Bakina ya gaji da maimaita magana, shi ya sa na rubuta.

Tushen ɓarnar shi ne maganar da ake yawan yi wai turare itacen ƙasar fari ne, ba ruwansa da ruwa. Irin da ya fi yawa a wurinmu, wanda masana ke kira Eucalyptus camaldulensis, daga Ostireliya aka kawo shi, kuma gaskiya ne ana samunsa har can tsakiyar ƙasar inda ruwan sama ya yi ƙaranci. To amma a ina yake tsirowa a can? A bakin koguna irin su Murray, da gefen ƙoramun da ke ƙafewa da rani alhali akwai ruwa kwance ƙarƙashin yashinsu. Itace ne mai farautar ruwa, duk inda danshi yake sai saiwarsa ta je.

Ni da kaina wannan ya ci ni. Na jera turare a kan iyakar gonata da ta maƙwabcina, ƙarshen layin kuma dab da rijiyar da muke ban ruwan lambu da ita. Shekarun farko ina ta murna da tsawonsu. A ta biyar, geron da ke kunyoyin kusa da layin ya tsaya iya gwiwa, ya yi ja, nawa da na maƙwabci duka. Rijiyar da ke kai mu har bazara ta fara ja da baya tun hunturu, da muka shiga yasa sai ga saiwoyi sun huda bangonta sun yi tabarma. Magana ta kai gaban mai unguwa, maƙwabcin nan da muka tashi tare ya yi wata uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na sare su, kututturan suka sake toho, sai da na biya aka tone su ɗaya bayan ɗaya. Kada wanda ya ce mini "ai guda biyar ne kawai". Guda biyar sun isa su fasa maka salga, su tsaga katanga. Ma'aunina yanzu taku talatin ne daga rijiya, gini da gonar hatsi, kuma ba na rage wa kowa. In ka riga ka dasa, haƙa rami mai zurfin ƙugu tsakanin layin da gona, ka riƙa datse saiwoyin da suka ƙetaro kafin kowace shuka.

Sai gara. A nan ne nake jin haushin masu ganganci. Ka kashe kuɗi ka sayi dashe, ka biya 'yan haƙa, sannan ka tara karan dawa da ɗanyen taki a gindinsa wai don ya riƙe danshi? Abinci ka ajiye wa gara, kuma in ta gama da karan, saiwar dashen za ta koma. Yau ka gan shi kore shar, jibi ya yi yaushi, ka ja shi ya fito a hannunka ba saiwa. Wata shekara fiye da rabin abin da na dasa haka ya tafi, don na makara har ruwa ya fara ɗaukewa, gara kuwa dashen da ya galabaita ta fi kamawa. Yanzu da zarar ƙasa ta jiƙu sosai a watan Yuli nake dasawa. Ina share busasshen kara daga wurin, in zuba toka a ramin da kewayensa, in guji kusa da shuri. Wasu na amfani da maganin gara na kanti, ni dai toka da dashen wuri na riƙe.

Yage ledar kafin ka sa a rami, in saiwa ta nannaɗe a ƙasanta ka datse. Mai renon iri kuma ya daina binne shi, ƙanana ne ƙwarai, a barbaɗa a kan ƙasa mai laushi a yayyafa ruwa. Ka tambayi asalin irin in da hali: a gwaje-gwajen da aka yi a Afaka kusa da Kaduna, na Petford da na Katherine, daga arewacin Ostireliya mai damina da rani kamar namu, su suka fi yin kyau.

Wajen sara, a yi ƙasa-ƙasa kuma a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututture. In toho ya fito a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Ɗanyen itacensa yana tsagewa yana lanƙwashewa, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a ɗora a rufi. Manyansa kan yar da reshe ba iska ba hadari, don haka ba na ɗaure dabba a ƙarƙashinsu.

Iyaye mata, man zaitin da ake samu daga ganyen wannan dangin itace na shafawa ne da shaƙa. Kada a ɗura wa yaro don mura, kaɗan ma yana iya sa shi suma.