Darasi na 9: Mai Keke da Mai Tafiya a Ƙasa a Bakin Danja

Kalmomin darasi: danja, birki, ƙararrawa, mahaɗa, tsallakawa. A karanta su da ƙarfi, sannan kowa ya rubuta su sau uku a littafinsa.

Karatu

Wata safiya ina tsaye a wata mahaɗa a Kano, kan hanyar kasuwar Sabon Gari. Danja ta nuna ja. Motoci da 'yan A Daidaita Sahu suka tsaya. Wata dattijuwa mai tallan fura ta sauko titi da ƙwarya a kanta, tana ratsawa ta gaban motocin. Sai ga wani saurayi a keke, ya ɗaure buhun gawayi biyu a kariya, ya kutso ta ɗan tsukin da ke tsakanin mota da kwata. Kan keken ya bugi gwiwar hannunta. Ƙwarya ta faɗi ta tsage, nono ya malale a kwalta, ludayi ya gangara ƙarƙashin wata mota.

Ta ce, "Haba yaro, ba ka ga ja ba ne?"

Ya ce, "Yi haƙuri Inna, wallahi ban gan ki ba. Ai na ɗauka danja ta masu mota ce."

Allah ya kiyaye ba ta karye ba, amma cinikin ranar ya tafi. Maganar yaron nan ta tsaya mini a rai, domin masu keke da yawa haka suka ɗauka.

Danja ta kowa ce

Keke abin hawa ne. Wanda ke bisansa direba ne, ko da ba shi da inji ko lasisi. Ƙa'idojin hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, take koyarwa tun kafa ta a 1988 sun hau kansa kamar yadda suka hau kan mai tirela. Ja na nufin tsaya. Ruwan ɗorawa na nufin ja na tafe, ka shirya tsayawa. Kore na nufin wuce, idan gabanka ba kowa. Inda ba wuta, hannun ɗan sanda ko ɗan KAROTA, wato jami'in kula da zirga-zirgar ababen hawa na Jihar Kano, shi ne danja.

Na san abin da ke hana mai keke tsayawa, don ni ma na yi shekaru ina tuƙa Rali. Idan ka ɗauko kaya, tsayawa wahala ce. Sai ka sauke ƙafa, ka tallabe nauyi, sannan ka sake taka feda daga farko. Ga kuma tsoro: da zarar an ba da kore, motoci za su taso gaba ɗaya su matse ka a gefe. Wannan uzuri gaskiya ne, ban raina shi ba. Sai dai tsoron da kake yi wa mota, shi tsohuwa da yaro da makaho suke yi maka. Su ma ba ƙarfen da ya kare jikinsu.

Mu yi ɗan lissafi. Keken da ke gudun kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya ga mutum, hannunka ya kai ga birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Ka riga ka ci mita 5, tsawon mota guda, birki bai ko fara kamawa ba. Idan akwai buhu a baya, ko damina ce ƙafar keke ta jiƙe, tazarar za ta ƙaru. Shi ya sa ake rage gudu tun daga nesa, kuma a tsaya bayan farin layi. Zanen fari da baƙi da ke kwance a titi wurin masu tsallakawa ne, kada ka ɗora tayarka a kai.

Idan mahaɗar ta yi maka girma, akwai dabara mai sauƙi. Sauka, ka tura keken da hannu, ka tsallaka tare da jama'a. Ba abin kunya ba ne.

Mai ƙafa ma da nasa

Keke ba ya ƙara. Yawancinmu da kunne muke tsallaka titi: in ba mu ji rurin inji ba, sai mu sa kai. To mai keke ba za ka ji shi ba sai ya iso. Ka yi aiki da ido.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kamar Nijar. Saboda haka abin hawan da ya fi kusa da kai daga hagu zai fito. Dubi hagu, dubi dama, ka sake duban hagu. Kada ka bar duban dama ko a titi mai hannu ɗaya, domin akwai masu keke da babur da ke bin hannun da ba nasu ba. Laifinsu ne, amma ƙashinka ne zai karye. Idan kana ratsawa ta gaban motocin da suka tsaya, leƙa kowane tsuki kafin ka jefa ƙafa. A nan aka buge mai furar nan.

A ajiye waya har a haye. Yaro a riƙe shi a wuyan hannu, don yatsu suna zamewa. Inda aka yi gadar tsallakawa, a hau ta.

Wani abin da ke haɗa faɗa shi ne gefen titi. 'Yan tireda da masu teburi sun cinye wurin tafiyar ƙafa, sai mutane su sauko kwalta, daidai inda mai keke yake bi. Wannan ya ce an tare masa hanya, wancan ya ce ina ake so ya bi. In dole ta sa ka bi bakin kwalta, ka fuskanci abin hawan da ke tahowa, kada ka ba shi baya. Kai kuma mai keke, kaɗa ƙararrawa tun da nisa. Idan ka bari sai ka zo ƙeyar mutum, firgita zai yi ya faɗo gabanka.

Idan tsautsayi ya faru, mai keke ya tsaya ya duba wanda ya buge. A bar zagi. In raunin babba ne, kada a ja mutum da ƙarfi. A kira FRSC a lamba 122.

Tambayoyi

1. Me launin ruwan ɗorawa yake nufi?
2. Keke mai gudun mita 5 a daƙiƙa, mita nawa zai ci a daƙiƙa 3?
3. Me ya sa ake fara duban hagu?
4. A labarin mai fura, me saurayin ya kamata ya yi? A tattauna.

Aikin gida

Mai keke ya matse birkin gaba da na baya, ya tura keken ya gani ko tayoyi suna juyawa. In suna juyawa, ya kai wa mai gyara ya canza robar birki kafin zama na gaba. Wanda ba shi da keke ya tsaya a danja mafi kusa da shi na minti 10, ya ƙirga masu keken da suka tsaya a ja da waɗanda suka wuce, ya rubuto adadin ya kawo aji.