Kada ku daina cin alkama kafin a yi muku gwajin siliyak

Ina da shekara 37 cikina ya fara damuna. Ni da na tashi kusa da Jakara a Kano, inda gurasa take kamar ruwan sha, ban taɓa kawo wa raina alkama ce ke cina ba. Da safe shayi da burodi, da rana taliya da manja, da la'asar bandashe. Sai kumburin ciki, sai gudawa mai maiƙo da wari, sai gajiyar da ko shara na yi sai na zauna na huta. Kusan shekara biyu ina shan maganin olsa da na taifot, jiƙon basir kuwa na sha har na gaji. Ranar da zoben aurena ya zame daga yatsana ya faɗa cikin ƙullun waina, ranar na tsorata.

Sunan cutar siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari da ake kira gulutan. Mai wannan cuta idan ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta juya ta far wa ƙaramin hanji, ta shafe 'yan tsirarrakin da ke tsotse amfanin abinci. Kana ci, jiki ba ya samu. Kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma tana iya tashi a kowane shekaru, har bayan hamsin.

Ku fara da rubutu. Mako biyu, ku riƙa rubuta abin da kuka ci da yadda ciki ya yi. Ku haɗa da abin da ba ku zaci yana da alaƙa da ciki ba: ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, gyambon baki mai zuwa yana dawowa, ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa, ciwon ƙashi, yawan ɓari. Wasu ma ba sa gudawa ko kaɗan. Da wannan takarda za ku je wajen likita, ku nemi a tura ku wajen likitan ciki da hanji, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ga inda na yi kuskure, kuma har yau yana yi mini ciwo. Wata ƙawata ta ce, "Yaya, ki bar fulawa ki gani." Na bari wata uku, na ji sauƙi, sannan na je gwaji. Sakamako ya fito lafiya lau, domin idan babu gulutan hanji yana warkewa, alamar da ake nema a jini kuma ta ɓace. Dole likita ya mayar da ni kan burodi, kullum fiye da sau ɗaya, har mako shida. Na sha wuya a makonnin nan. Don Allah ku ci gaba da cin abincinku yadda kuka saba har a gama duk gwaje-gwaje.

Gwajin farko na jini ne, sunansa tTG-IgA. Ku rubuta shi haka a wayarku. Ku roƙa a auna jimillar IgA tare, wato wani sinadarin garkuwar jiki da ke cikin jini, saboda wanda tasa ta yi ƙasa gwajin zai iya nuna ba shi da komai alhali yana da cutar. Idan ya nuna alama, sai a zura siririyar kyamara ta baki har farkon ƙaramin hanji, a tsinko 'yan ƙananan tsoka a duba. Ba a cin komai kafin a shiga, kuma aikin 'yan mintuna ne. Na ji tsoronsa fiye da yadda ya kamata.

Bayan an tabbatar, sai ban kwana da gurasa, alkaki, funkasau, fanke, cincin da tuwon semo, har abada. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca da rogo duk namu ne. Ku dai yi hattara da ɗanwaken siyarwa, da yawa ana zuba masa fulawa, da kuma injin unguwa da aka niƙa alkama a ciki kafin naku.

Cutar tana bin jini: cikin iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwan da kuke ciki ɗaya, kusan 1 cikin 10 na iya samunta. Na matsa wa ƙannena uku suka je. Autarmu, wadda aka daɗe ana ba ta maganin ƙarin jini, ita ma tana da ita.